Aman jini ba wankin ciki ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na rubuto ne a kan shirin lafiya na gidan rediyonku na daren Talatar nan, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina a ɓace yake. Baiwar Allahn nan da ta bugo waya daga Kware ta ce maigidanta ya yi aman jini, bayan gidansa ya koma baƙi, tana tambayar yadda za ta yi. Sai mai maganin da kuka zaunar ya ce mata ta kwantar da hankalinta, dattin ciki ne ke fita, tsohon basir ne ya fashe, ta aiko a karɓi jiƙo. Mai gabatarwa bai ce uffan ba, sai ma ya karanto lambar wayar mai maganin. Likitan da kuka samu ta waya ya fara cewa a kai mutumin asibiti a daren, kuka katse shi saboda talla, ba ku sake komawa kansa ba. Haba Malam Edita! Ran mutum ne fa a hannunku.

Ni ba likita ba ne, amma na yi jinyar wannan ciwo, na ga abin da yake yi. Yayana manomin fadama ne a Kwalkwalawa, shi ne noman albasa, shi ne ɗaukar buhu. Kullum in ya taso da yamma sai ya biya kemis a ƙulla masa haɗi a 'yar leda, ƙwayoyi kala-kala na ciwon jiki, ya kora da shayi, wani lokaci ko abinci bai ci ba. Ya daɗe a haka. Da bayan gidansa ya fara fita baƙi ƙirin kamar kwalta, ga wari na daban, kunya ta hana shi faɗa a gida. Abokinsa ya gaya wa, abokin ya ce basir ne, ya kai shi aka ba shi jiƙo, maganar da aka yi a gidan rediyonku sak. Muna ganinsa yana yin fari, tafin hannunsa ba jini, in ya miƙe jiri ya ɗebe shi, yana cewa gajiya ce. Ranar da abin ya zo, da asuba ne yana alwala. Ya durƙusa ya kwara aman jini har da gudaji, buta ta kife gefe, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, jikinsa ya yi sanyi ƙalau. Da motar maƙwabci muka kai shi.

A sashen gaggawa ba su tsaya dogon tambaya ba. Suka sa masa allurar ƙarin ruwa a hannu biyu, suka ɗebi jini don gwaji, suka ba shi omeprazole ta jijiya don rage ruwan tsamin ciki, suka ce kada a ba shi ko kunu. Sannan aka ce mu nemo jini. A nan na ga tashin hankali. 'Yan uwa cike da harabar asibiti, kowa na salati, amma da aka ce a zo a gwada sai aka fara zamewa, wannan ya ce bai karya ba, wancan ya ce shi ma jininsa bai ishe shi ba. Alhali abin da ake ɗiba a jikin mai lafiya bai kai rabin lita ba, kuma jiki na mayar da shi. Ni da ƙanenmu da wani ɗalibi da bai ma san mu ba muka bayar, Allah ya saka masa da alheri.

Washegari aka yi masa abin da suke kira endoskofi. Siririn bututu ne mai kyamara da fitila a baki, aka zura ta bakinsa har ciki, likita na kallo a allo. Nan aka ga gyambon a farkon ƙaramin hanji, da jijiyar da ke zubar da jinin a tsakiyarsa. Ta cikin wannan bututun dai aka yi wa wurin allura, aka maƙale bakin jijiyar da ɗan ƙarfe ƙarami, jinin ya tsaya, ba a tsaga shi ba. Likitan ya gaya mana cewa da hakan bai yi ba, ko jinin ya dawo ya ƙi tsayawa, to sai tiyata, a buɗe ciki a ɗinke jijiyar. Da muka nuna masa ragowar haɗin, ya zazzage a tafin hannu ya ware mana diclofenac da piroxicam, ya ce su da asfirin da ibuprofen duk suna cin bangon ciki, balle a haɗa su a sha kullum. Gwaji kuma ya nuna akwai ƙwayar cutar nan Helicobacter pylori, wadda likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka tabbatar ita ce ke haddasa yawancin olsa, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Maganinta na mako biyu ne, an ba shi ya shanye. Mu da muka tashi da jin cewa yunwa ce kawai ke kawo olsa, madara ce maganinta, wa ya taɓa gaya mana wannan a rediyo? Sai da muka sayar da bijimin sa kafin mu fito daga asibitin, amma alhamdu lillahi yayana na raye, yana gonarsa.

Wanda ke gadon kusa da shi bai samu wannan sa'ar ba, Allah ya jiƙansa. Masunci ne daga wajen Goronyo, ciki a kumbure, ƙafafu a kumbure. Nasa aman jinin daga hanta ne. In hanta ta lalace ta taurare, jini ba ya samun hanyar wucewa, sai jijiyoyin da ke ƙasan hanyar abinci su kumbura, wata rana su fashe. Irin wannan da zoben roba ake ɗaure jijiyoyin ta cikin bututun nan, a haɗa da allurai. Amma shi sai da ya zubar da jini a gida ana ba shi saiwa, aka kawo shi ya riga ya galabaita. Ciwon hanta nau'in B na kawo wannan, haka ma nau'in tsargiyar da ke kama hanji da hanta, kuma kai ma ka san yadda yaranmu ke wuni a ruwan gulbin Rima. Rigakafin ciwon hantar yana cikin alluran jarirai a Najeriya tun 2004, tsargiya kuma tana da ƙwayarta, praziquantel. Wannan ne ya kamata mutanen karkara su ji daga bakinku.

Kada a ce ina gaba da masu maganin gargajiya. A'a, akwai na kirki a cikinsu, waɗanda in suka ga abin ya fi ƙarfinsu sukan ce a tafi asibiti. Basir ma gaskiya ne, yana sa jan jini bayan an yi bayan gida. Amma basir ba ya fitowa ta baki! Duk wanda ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya koma baƙi mai danƙo yana jin jiri, jini ne ke zuba a cikinsa, kuma wurinsa asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne. Ƙwayar ƙarin jini ma takan baƙanta bayan gida, na sani, amma likita ne zai bambance, ba mai talla ba.

Na san gidan rediyo da kuɗin talla yake tafiya. To amma kuɗin da ya biya ku bai ba shi ikon ya duba mara lafiya ta waya ba, kuma mutanen ƙauye sun ɗauka duk abin da ya fito daga rediyo gaskiya ne. Lambar matar nan tana wurinku, don Allah ku kira ta yau, ku ji halin da maigidanta ke ciki. Sannan ku sake shirin. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo nan cikin gari, akwai likitocin ciki da na tiyata da ke jin Hausa. Ku gayyato ɗaya ku ba shi awa guda cur ba tare da katsewa ba, ya yi maganar haɗin kemis, ya yi maganar ba da jini.

Wani abu kuma tun da na riga na ɗauki biro: shirin farashin kasuwa da kuka mayar daidai lokacin sallar isha'i, wa kuke so ya saurara? Manoman albasa da shi suke sanin ko su kai kaya Illela ko su jira. Ku mayar da shi bayan labaran safe yadda yake a da.

Wassalam.

Naka,
Mai sauraronku daga Mabera, Sakkwato.