A koya wa yaranmu who da which ta hanyar "wa" da "me"

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da malaman Ingilishi na nan arewacin Kamaru, musamman Garwa da Marwa.

'Yata ce bana za ta zana BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ran nan ta dawo gida rai a ɓace, littafinta duk jan biro, ta rubuta "the woman which sells fish" can ƙasa kuma "the car who is red". Da na zauna da ita sai na gano bakin zaren, ashe haddar da aka ba su ita ce qui shi ne who, que shi ne which, kuma wallahi wannan haddar ce ke kayar da yara. Faransanci ba ruwansa da ko mutum ne ko abu, aikin kalmar a jimla yake dubawa, shi ya sa ake cewa la voiture qui, ake cewa l'homme que. Hausarmu ma haka, matar da ta zo, motar da ta lalace, "da" ɗin ɗaya ce, wanda da wadda da waɗanda kuwa namiji da mace da jam'i suke rabawa. To ina yaro zai samo bambancin in ba a nuna masa ba?

Alhali maganin na bakinmu. Na ce mata in za ki tambaya da "wa?" sa who, in da "me?" za ki tambaya sa which. Wa ke sayar da kifi? Mace, who kenan. Kafin la'asar ta gyara jimlolinta duka da kanta.

Whom ne ya fi ba mu wuya, amma shi ma da dabara, a gwada amsa, in he ta zauna who ne, in him ta zauna whom ne, "the man whom I saw" tunda I saw him ake cewa. A hira Turawan ma who suke cewa ko su yar da kalmar gaba ɗaya, sai dai in to ko with ta riga ta, nan dole to whom, with whom. That kuma ba laifi ba ne a kan mutum, sai dai ba ta zuwa bayan waƙafi, "my father, who lives in Yaoundé" ba a sa that a nan. Whose kuwa shi ne namu na mutumin da ɗansa, matar da mijinta.

Tun 1961 ƙasar nan ke da harsunan gwamnati biyu, a 2019 ma an yi dokar da ta ƙara jaddada hakan, yaranmu za su yi gasar neman aiki da 'yan Bamenda da Buea na yankin masu magana da Ingilishi. Malamai, don girman Allah in kun ga Faransanci ya rikita yaro ku ɗauko masa misali da harshen gidansu ko na minti biyar ne. Kai kuma Malam Edita, ko za ka ware mana ɗan shafi na koyon Ingilishi da Hausa duk mako?

Naku mai karatu kullum, daga Garwa.