Wasiƙa daga Zinder: a daina toshe wa tsofaffin Peugeot hanyar numfashi

Malam Edita, assalamu alaikum, ina gajiya, ya aiki. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da masu garaji da masu riƙe da tsofaffin motoci, musamman 504 da 404 da har gobe suke ɗaukar kaya tsakanin Zinder, Mirriya da Magariya. Ita 404 tun 1960 ta fito, 504 kuma 1968, kuma da yawan waɗanda muke gani nan haɗin Kaduna ne, to mota mai wannan shekarun dole injinta ya yi ta huci, abin da ke damuna shi ne yadda ake mata magani.

Duk inji in yana aiki akwai hayaƙin da ke sulalewa ta gefen ringin fistan ya gangara ƙasa inda baƙin mai yake, in ringi ya ci sai abin ya ƙaru. Wannan hayaƙin yana ɗauke da tururin mai da ɗan ruwa da fetur ɗin da bai ƙone ba, shi ya sa masu ƙera motar suka sa tiyo daga inji ya maida shi wajen filtar iska da kafireta a sake ƙona shi. A Amurka ma tun farkon shekarun 1960 suka daina barin shi yana fita titi. To da mota ta tsufa sai tiyon ya riƙa kwaso mai yana jiƙa filta, kafireta ta yi baƙi, buji ya yi ta kama dauɗa, da safe sai an tura.

Nan ne aika-aikar take farawa. Wani sai ya cire tiyon ya cusa ƙusa ko tsohon buji a bakin ya ɗaure da waya ya ce an gama. Haba maigida! iskar nan ina za ta bi? Sai ta nemi inda ya fi rauni, ta ɓalle gaskit ko ta turo sandar awon mai, kwana kaɗan ka ga mota tana ɗiga ta gaba ta baya. Wani kuma ya bar tiyon yana reto ƙasa baki buɗe, a garin da in hunturu ya kama ko gaban masallacin unguwa ba ka hange saboda ƙura, kuma ƙura in ta shiga cikin mai ai ta zama abin goge ƙarfe.

Abin da na ga ya fi shi ne a haɗa ɗan gwangwanin tarar mai a tsakanin inji da filta, kuma wallahi ba wani kuɗi yake ci ba, kusan komai akwai wajen 'yan gwangwan da masu walda. Ni ƙaramar tukunyar kashe gobara na samu wadda ta ƙare, aka buɗe ta aka wanke tas, in babu ko gwangwanin ƙarfe mai kauri na rabin lita zuwa lita ɗaya ya isa in dai murfinsa na rufuwa gam. A huda sama wuri biyu a yi waldar bututu biyu. Bututun shiga a bar shi da tsawo ya gangara har wajen tsakiya ko ƙasa kaɗan, amma kar ya taɓa gindi, in mai ya taru ya rufe bakinsa ka koma gidan jiya. Bututun fita kuma gajere, daga murfi kawai. Tsakaninsu a cusa soson ƙarfe na wanke tukunya, irin mai kaurin nan da ba ya tsatsa, ba mai laushin da ke marmashewa ba, don in ya marmashe inji zai zuƙe shi, a kuma tare shi da 'yar raga. Tururi na bi ta cikin soson sai mai ya manne ya ɗiga ƙasa, iska ta wuce ta koma filta yadda aka tsara tun asali. Daga gindi a sa ƙaramin famfo ko noti na zubarwa.

Wurin da mutane ke kuskure shi ne faɗin bututu. Kar ya gaza faɗin tiyon motar na asali, ka sa siriri ka toshe ta ne da hannunka ba ka sani ba. Kuma a nemi tiyon da ke jure mai da zafi, na ban ruwa kwana biyu zai yi taushi ya lanƙwashe. Na ga wani ya ɗaura gorar ruwa ta roba dab da salansa, na ce mishi malam gobara kake nema? A ɗaure gwangwanin tsaye, nesa da salansa, inda hannu zai kai.

Abin da za ka zubar baƙi ne mai wari, lokacin sanyi har da ruwa-ruwa mai kalar madara, kar a ce asara ne a maida shi inji, a juye cikin jarkar tsohon mai. A riƙa dubawa duk sati da farko har ka gane saurin cikarsa. In ka ga yana cika cikin 'yan kwanaki, to ba laifin gwangwani ba ne, ringi ne ya gama, a sauke inji a yi aiki tun kafin ta tsaya maka a hanyar Tanut.

Malam Edita in da hali ku riƙa ware ɗan shafi na masu sana'ar hannu ko sau ɗaya a wata, yaran garaji suna karanta ku a waya fiye da yadda kuke zato. Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku, mai karatunku daga unguwar Zango, Zinder