Kuɗin kan sarki na ƙofa ne ko na mutum?

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana a kan wani abu da ake rainawa har sai ranar da ya faɗo wa mutum, wato wasiƙun da ke ci gaba da zuwa gida da sunan wanda ya riga ya tashi.

Shekara biyu ke nan da na kama hayar gidan da nake ciki. Tun makon farko wasiƙun mutumin da ya zauna kafina suka fara shigowa. Ban san shi ba, mai gidan ma ya ce bai bar masa adireshi ba. Na riƙa tara su a gefe guda ina sa ran zai leƙo. Takardun talla ba su dame ni ba. Wadda ta tsaya mini a rai ita ce wata ambulan mai tambarin asibiti, wadda bayan mako uku wata irinta ta biyo bayanta. Ban buɗe ba, tunda ba tawa ba ce. Amma duk wanda ya taɓa jiran ranar ganin likita ko sakamakon gwaji ya san nauyin abin da irin wannan takarda ke iya ɗauka.

Na je gidan waya na yi tambaya: idan na samo sabon adireshinsa na rubuta a jikin ambulan ɗin na jefa a akwati, za a kai masa, ko sai na manna sabon kan sarki? Wanda na fara samu ya ce za a kai. Da na koma wata rana, wani ya ce sai na biya. Ban ga laifinsu ba, domin da na zauna na karanta yadda ƙasashe ke yi sai na tarar amsar ta rabu gida biyu tun daga tushe. Tambayar ita ce, kuɗin da mai aikawa ya biya, na kai wasiƙa ƙofar da aka rubuta ne, ko na kai ta hannun mutumin da aka rubuta sunansa?

Kafin 1840, a Ingila galibi wanda aka kawo wa wasiƙa shi ke biya, kuma gwargwadon nisan tafiyarta. A wannan shekarar ne, bisa shawarar Rowland Hill, aka fito da kan sarki na farko mai ɗauke da hoton kan Sarauniya Biktoriya, mai aikawa ya riƙa biyan kuɗi guda tun kafin wasiƙa ta tashi. A 1874 kuma aka ƙulla yarjejeniya a birnin Bern na ƙasar Suwizalan, wadda ta haifar da ƙungiyar gidajen waya ta duniya, ta yadda kan sarkin ƙasa ɗaya ya isa ya kai wasiƙa wata ƙasar. Duk wannan ya sauƙaƙa wa mai aikawa. Batun wanda ya ƙaura kuwa, kowace ƙasa da irin nata tsarin.

Amurka ta fi karkata ga cewa kuɗin na mutum ne. A can, wanda zai tashi yakan cike fom na sauya adireshi. Idan ya je gidan waya da kansa da katin shaida, ba ya biyan komai. Idan ta intanet ya yi, ana cire masa ɗan abin da bai fi dala ɗaya da 'yan kai ba, shi ma don a tabbatar shi ne da kansa, kada wani ya karkatar da wasiƙunsa. Daga nan wasiƙu masu daraja ta ɗaya, wato wasiƙun yau da kullum irin na mutum zuwa mutum ko na banki, za su bi shi sabon gida kyauta har wata 12, jaridu da mujallu kuma kwana 60. Takardun talla galibi ba a biyo shi da su. Wanda yake son a ƙara masa lokaci bayan shekarar, shi ne zai biya.

Ingila ta ɗauki ɗaya ɓangaren. Kamfanin gidan wayar ƙasar, Royal Mail, yana da tsarin biyo mutum da wasiƙunsa, amma na kuɗi ne tun daga ranar farko, ana sayensa na wata 3, ko 6, ko 12, kuma ya fi tsada idan waje mutum ya ƙaura. Akwai rangwame ga wasu masu karɓar tallafin gwamnati, wannan kam abin a yaba ne. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ƙa'idojin kamfanin sun ce ba dole ba ne a kansa ya kai wasiƙar da wani ya soke tsohon adireshinta ya rubuta sabo ba tare da biyan kuɗi ba. Sau da yawa takan isa, shi ya sa al'adar ta zauna, amma isarta alfarma ce, ba haƙƙi ba ne. Abin da suke so shi ne mai tashi ya sayi tsarin nasu, ko ya bar wa wanda ya gaje shi ambulan-ambulan da aka riga aka biya kuɗinsu. Kanada da Jamus su ma na kuɗi ne nasu.

Inda ƙasashen biyu suka haɗu shi ne a kan haramcin taɓa abin da ba naka ba. A Amurka, ɗaukar wasiƙar wani da nufin hana ta isa gare shi ko leƙa sirrinsa laifi ne da ke iya kai mutum ɗaurin da ya kai shekara 5. A Ingila, dokar gidan waya ta 2000 ta mai da shi laifi mutum ya buɗe wasiƙar da ya san ba tasa ba ce, ba tare da uzuri ba kuma da nufin cutar da mai ita. Ni dai ko babu doka, ina ganin abin da ya shigo gidanka da sunan wani amana ce. Jefa ta a shara cin amana ne, ajiye ta shekara guda a kan tebur ma bai fi shi da yawa ba, kuma wannan na biyun ni ma na yi shi na wasu makonni kafin in farga.

Hanyar da ta fi tsabta, kuma ba ta cin ko sisin sabon mazauni a ƙasashen nan biyu, ita ce mayar da wasiƙa inda ta fito. A bar ta a rufe, a rubuta a jikinta cewa mai sunan ba ya wannan adireshi, a jefa a akwatin gidan waya ko a miƙa wa mai rabon wasiƙu. Yana da kyau a ja layi a kan 'yan zane-zanen da na'ura ke bugawa a jikin ambulan, domin su na'urar tantancewa ke karantawa, in an bar su tana iya sake jefo wasiƙar gidanka. Amfanin mayarwa shi ne banki ko asibiti ko ofishin haraji zai san mutuminsa ya tashi, ya neme shi ta waya ko ta wata hanya, ya kuma daina aikowa. In babu adireshin mai aikawa a waje, akwai ofisoshin da doka ta ba su izinin buɗewa su duba ciki: na Ingila yana Belfast, na Amurka yana Atlanta. Wadda kuma aka rubuta wa "mazaunin gida" ba tare da suna ba, wannan taka ce.

To, Malam Edita, ga inda nake son in tsaya. A ganina tsarin Amurka ya fi kusa da adalci, kuma ya kamata kowace hukumar gidan waya ta ba da wani wa'adi na kyauta, ko da wata uku ne. Wa ya fi yawan tashi daga gida zuwa gida? Ba mai gidan kansa ba ne. Ɗan haya ne da aka ƙara wa kuɗi, da ɗalibi, da matar da aurenta ya mutu ta kwashe 'ya'yanta, da wanda aiki ya ƙare masa. A makon da mutum ke haɗa kuɗin sabon gida da na motar kwasar kaya, kuɗin biyo shi da wasiƙa shi ne abu na farko da zai ce a bar shi tukuna. Kuma shi ɗin ne wanda takarda ɗaya in ta ɓace za ta fi yi wa illa: sammacin kotu da bai gani ba har a yanke hukunci ba ya nan, tarar da ta ninka saboda an wuce ranar biya, katin banki da ya faɗa hannun mugu aka ci bashi da sunansa.

Na san abin da za a ce. Yawan wasiƙu ya ragu ƙwarai tun da intanet ya shigo, gidajen waya suna fama da kuɗin gudanarwa, kuma sake tantance wasiƙa da sake ɗaukarta aiki ne da wani zai yi a biya shi. Gaskiya ne. Amma wasiƙun da suka rage a yau su ne masu nauyin, tunda gaisuwa da hira sun koma waya. Kuma wasiƙar da ba a biyo mai ita da ita ba ai ba ta huta wa gidan waya ba: an kai ta tsohon gida, an dawo da ita kyauta ga mai aikawa, shi kuma ya sake aikowa. Tafiya uku ke nan a maimakon biyu. Ɗan kuɗin tabbatar da shaida ban ƙi shi ba, domin in babu wannan shingen kowane ɓarawo zai iya karkatar da wasiƙun mutane zuwa ƙofarsa.

Mai tashi shi ma da nasa nauyin. Tun kafin ya ɗaure kaya ya sanar da banki, da asibiti, da wurin aiki, da makarantar yara, da duk ofishin gwamnatin da ke rubuto masa. In zai iya, ya bar wa mai gida lambar waya. Bai kamata ya ɗora wa baƙon da bai sani ba sayen kan sarki da zirga-zirgar gidan waya ba.

Roƙona ga jaridarku shi ne ku tura wakili ya tambayi hukumomin gidan waya abu uku a fili: wasiƙar da aka sauya wa adireshi da hannu ana kai ta ko ba a kaiwa, wa ke biya, kuma kwana nawa ake da shi. Su rubuta amsar da manyan baƙaƙe a jikin akwatunansu da tagogin ofisoshinsu, yadda ma'aikaci da mai tambaya za su karanta abu ɗaya.

Wasiƙun asibitin nan biyu, a ƙarshe na rubuta a jikinsu cewa mai sunan ya tashi, na jefa su a akwati rana ɗaya. Ta uku ba ta zo ba, kuma har yau ina yi wa bawan Allahn nan addu'ar Allah ya sa sun same shi a kan lokaci.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku