Wasiƙa Zuwa Ga Abba Kan Hannun Jarin Da Aka Sayar Don Biyan Haraji

Assalamu alaikum, Abba.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Hajiyarku na gaishe ku.

Takardun da ka turo sun iso, na kuma duba su a tsanake. Na ga abin da ya ɗaga maka hankali: kana shigar da takardar dillalin hannun jari cikin manhajar haraji, sai rarar harajin da kake sa ran a mayar maka ta zube. To, kada ka aika fom ɗin nan a haka. A shekarun da na yi ina cike wa mutane takardun haraji a Amurka, wannan kuskuren ya fi kowanne ci min rai, domin mutum ne yake biyan haraji sau biyu kan kuɗi ɗaya da hannunsa, ba tare da kowa ya tilasta masa ba.

Hannun jarin RSU, wato wanda kamfaninku ke yi maka alkawari ya riƙa sakar maka a kan lokaci, albashi ne a idon IRS, hukumar harajin Amurka. Ranar da suka zama naka, ana duba farashinsu a kasuwa, a zuba jimillar cikin akwati na 1 na takardar W-2, wato takardar albashin shekara da kamfani ke ba ka, tare da sauran albashinka. Harajin da ke kansu kuma a ranar ake cire shi. Da yake ba tsabar kuɗi aka ba ka ba, sai dillali ya sayar da wani kaso ya miƙa kuɗin, kamar yadda ake ɗibar tiya biyu uku daga buhun gero a sayar don a sallami ɗan dako. Harajin tarayya da aka biya da kuɗin nan yana cikin akwati na 2 na W-2 ɗinka, na Social Security da Medicare (fansho da inshorar lafiyar tsofaffi) suna akwati na 4 da na 6. Saboda haka kada ka sake rubuta shi a wani wuri da sunan harajin da ka biya. An riga an ƙirga maka.

Inda gizo ke saƙar shi ne takardar 1099-B, wato takardar nan ta dillali da ke nuna cinikin. Tunda an yi ciniki a kasuwa, dole dillali ya sanar da hukuma. Akwatin 1d yana nuna abin da aka samu. Akwatin 1e kuwa, wanda ya kamata ya nuna uwar kuɗi, wato kuɗin da hannun jarin suka tsaya maka, sau da yawa fayau yake, ko a sa sifili, domin ba ka fitar da ko sisi ka saye su ba. Ita manhaja abin da ka ba ta shi take lissafawa. Ta ga uwa sifili, sai ta ɗauki cinikin gaba ɗaya riba ce.

Ɗauki misali. A ce hannun jari 100 suka zama naka a kan dala 50 kowanne. Dala 5,000 ke nan ta shiga W-2. Washegari aka sayar da 35 a kan dala 49.80, aka sami dala 1,743. Uwar kuɗin waɗannan 35 ɗin ita ce 35 sau 50, wato dala 1,750. Ka ga ashe ba riba aka ci ba, faɗuwar dala 7 aka yi. Amma in ka bar sifilin nan, za a ɗora maka haraji kan dala 1,743 cur, kuma in kana matakin kashi 24 cikin ɗari, fiye da dala 400 ce za ta tafi a banza. Wannan a karo ɗaya ke nan, kai kuwa duk wata uku ake sakar maka.

Gyaran ba shi da wuya. Shiga shafin dillalinka, kusa da 1099-B za ka ga wata takardar ƙarin bayani, ita ce ke ɗauke da uwar kuɗi ta gaskiya ga kowane ciniki. In ba ka same ta ba, nemo takardar shaidar ranar da aka sakar maka hannun jarin, farashin yana ciki. A manhajar, TurboTax ce ko H&R Block, buɗe kowane ciniki daban, ka nuna cewa hannun jarin ma'aikaci ne, ka zaɓi inda aka ce uwar kuɗin ba daidai ba ce ko babu ita, sannan ka rubuta adadin. Ranar saye ita ce ranar da suka zama naka, ba ranar da aka yi maka alkawarinsu ba, don haka cinikin na gajeren zango ne, wato ba ka riƙe su fiye da shekara ba.

Daga nan kada ka yarda da allon manhaja kawai. Buɗe fom 8949, inda ake jera kowane ciniki, da kanka ka gani. Idan dillali bai kai wa IRS uwar kuɗi ba, adadin gaskiya zai zauna a sahun e. Idan ya kai musu sifili, sifilin zai tsaya a wurinsa, harafin B ya fito a sahun f, gyaran kuma a sahun g. Abin da zai gangara zuwa Schedule D, takardar da ke tattara jimillar, bai kamata ya wuce 'yan daloli ba, riba ko faɗuwa. In ka ga dubbai, akwai sauran gyara.

Abu biyu nake ja maka kunne a kai, Abba, kuma da gaske nake. Kada ka ɗora uwar kuɗin 100 ɗin duka a kan 35 da aka sayar. Hakan zai haifar maka da faɗuwar ƙarya ta dala 3,257, ka karɓi abin da ba haƙƙinka ba, ni kuwa ban tarbiyyantar da kai a kan haka ba. Sauran 65 ɗin suna riƙe da tasu uwar, dala 3,250, sai ranar da ka sayar da su. Kuma kada ka ce tunda babu riba bari ka share cinikin. Kwafin 1099-B yana hannun hukuma, za su aiko maka da takardar CP2000 ta neman cikon haraji, lissafinsu kuma da sifili za su yi shi.

Wani abin da bai shafi manhaja ba amma ya shafi aljihunka: kashi 22 cikin ɗari aka saba cirewa na tarayya daga irin wannan kuɗi. Wanda matakinsa ya kai 32 ko 35, giɓi na jiransa. Ka lissafa tun yanzu, ka ware kuɗin kafin 15 ga Afrilu.

Ka kuma ɗauko fom ɗin bara da na bara waccan ka duba sahun e. In sifili ka gani, fom 1040-X, na gyara abin da aka riga aka aika, zai dawo maka da kuɗinka, matuƙar ba a wuce shekara 3 da aikawa ba. Idan ka gama gyaran, turo min fom 8949 in gani kafin ka aika.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ku. Ka gaida mutanen gidan.

Mahaifinka.