A Riƙa Kwatanta Dauloli a Shekara Guda

Edita,

Muna roƙon malaman tarihi su daina koyar da dauloli ɗaya bayan ɗaya kamar ba su yi zamani tare ba. A tsayar da shekara guda, a tambayi kowace daula abu ɗaya: da me ake ciniki?

Ga 1324, wato 724 Hijiriyya. Mansa Musa na Mali ya sauka Alƙahira a hanyarsa ta hajji, lokacin Sultan al-Nasir Muhammad. Zinaren da ya rabar ya karya farashi. Al-Umari, masanin tarihi na wancan zamani, ya rubuta cewa miskalin zinaren da ke kai dirhami 25 ya koma 22 ko ƙasa. A Sin kuwa, Mongol na daular Yuan kuɗin takarda suke bugawa, yawan bugun yana zubar da darajarsa. Ingila tana kashe kwabon azurfa, ulu ne babban abin da take fitarwa.

Inda ake kuskure shi ne lissafin mayar da shekarar Hijiriyya zuwa Miladiyya. Shekarar Hijiriyya ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, don haka ƙara 622 kawai a kan 724 ba ya fitar da daidai: zai ba ka 1346, kuskuren shekara 22.

Wassalam.