Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 ga Membobi: Gonakinmu da Masu Haƙar Zinariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu da 'yan uwa maza da mata, membobin wannan ƙungiya ta manoma a ƙasashen Anka da Bukkuyum da Maru, ga bayanin abin da kwamitinku ya gudanar a shekarar 2025. Wanda ya samu a waya, don Allah ya karanta wa wanda bai samu ba, musamman dattawa da mata masu gonakin gado, domin su maganar ta fi shafa.

Shekarar ta zo da sauyi. Tun watan Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara saboda ta'asar 'yan bindiga, sai a Disambar 2024 ministan ma'adinai Dele Alake ya sanar da ɗage haramcin. Kowa a nan ya san haramcin bai tsayar da haƙa a daji ba. Abin da ɗage shi ya kawo shi ne masu takarda. A da, kukan manomi shi ne samari sun shiga gefen gonarsa sun buɗe rami. Bana kukan ya koma cewa wani ya zo da mota da taswira, ya ce gonar da mutum ya gada tun kaka da kakanni tana cikin filin da aka ba shi lasisi daga Abuja. Yawancin aikinmu na bana a kan wannan ya ƙare.

Wayar da kai kan doka

Da rani muka zagaya garuruwan da hanya ta ba mu damar shiga, tare da wani lauya ɗan yankinmu da ya yi mana aikin kyauta, Allah Ya saka masa. Ba mu ɓoye wa kowa ɓangaren da ba ya da daɗi ba. Sashe na 44(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, ko da a tsakiyar gonarka yake. Dokar ma'adinai ta 2007 kuma, a sashe na 22, ta fifita haƙar ma'adinai a kan sauran amfanin da ake yi da ƙasa. Saboda haka mai cewa zinariyar gonarsa tasa ce, ba shi da madafa a kotu.

Amma dokar nan dai ita ce ta ba manomi abin riƙo. Sashe na 100 ya ce a sanar da mai fili a nemi amincewarsa kafin a ba da lasisi. Sashe na 116 ya wajabta wa mai izinin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin tun kafin ya fara aiki, a kuma riƙa sake duba ta duk bayan shekara 5. Akwai haƙƙin diyyar amfanin gona da itatuwa da gine-gine, akwai kuɗin hayar fili, akwai kuma wajibcin gyara wurin idan an gama. Sai dai takardar da ta fi buƙatar taka-tsantsan ita ce takardar amincewa. Wanda ya dangwala mata yatsa ba a karanta masa ba, ya yi cinikin biri a sama. Shi ya sa muka tsayar da ƙa'ida, kuma mun gode wa hakimai da dagatan da suka mara mata baya: kada memba ya sa hannu shi kaɗai, kada ya sa hannu da dare, kada ya sa hannu a takardar da ba a fassara masa da Hausa a gaban shaidu ba.

Sulhun da ya fi ba mu wahala

Gona ce ta gado da ba a raba ba. Babban wa ya karɓi kuɗi ya sa hannu a madadin gida, ƙannensa ba su sani ba, 'yan uwansa mata da ke gidajen aure balle a yi magana. Motar haƙa ta iso a tsakiyar damina, gero ya riga ya fitar da kai. Kafin a ankara an kwashe kunyoyin gabas, samarin gidan sun fito da sanduna da adduna, ma'aikatan kamfanin kuma suna neman kiran jami'an tsaro. Da an bari an kwana a haka, da yanzu wani labari muke ba ku.

Muka roƙi dagaci da liman da Sarkin Noma suka zauna da mu a ƙofar fada. Abu na farko da muka nema shi ne a kashe injin har a yi girbi, domin ba a sulhu da manomi yana kallon hatsinsa ana tattakewa. Wakilin kamfanin ya yi ta nuna lasisi. Ba mu musanta lasisin ba. Tambayarsa muka yi wa ya amince, kuma da yawun wa. Liman ya bayyana cewa gonar da ba a raba ba, kowane magaji yana da haƙƙi a cikinta, mace da namiji, kuma babban wa ba ya sayar da rabon wani. Daga nan magana ta fara saukowa.

Bayan kaka muka shiga gonar da igiyar awo. Aka ƙirga kowace ɗorawa da kaɗanya da tsamiya, domin masu kimanta diyya sukan ƙirga buhunan hatsin shekara guda su manta da itacen da mata ke samun kalwa da man kaɗe daga gare shi shekara da shekaru. Aka shata inda za a haƙa da inda za a ci gaba da noma. Aka rubuta cewa ƙasar sama, wadda ke ɗauke da taki, a tara ta gefe guda kada a cakuɗa ta da jar ƙasa da tsakuwa, don a mayar da ita idan an cike ramin. Diyya kuma aka biya kowane magaji a hannunsa. Ɗaya daga cikin matan, gwauruwa mai marayu, ita ta dage sai an rubuta sharaɗin cike rami, ta ce kuɗi za su ƙare amma 'ya'yanta gona za su nema. Kwamiti na ganin wannan sharaɗi ya fi duk sauran muhimmanci, kuma tun daga lokacin muke sa shi a kowace yarjejeniya.

Sauran ƙorafe-ƙorafen sun fi sauƙi: ramukan da aka bari a buɗe har shanun huɗa suka faɗa, manyan motoci da suka mayar da kan iyakar gonaki hanya, da wurin wankin ƙasa da ya toshe burtali, wanda muka warware tare da arɗon yankin.

Gubar dalma

A nan ba kamfani kaɗai ake magana ba. Masu haƙa da diga da shebur 'ya'yanmu ne da ƙannenmu. Da damina suna gona, da rani suna daba, wato wurin aikin dutsen zinariya, kuma da yawansu rashin tsaro ne ya raba su da gonakin nesa. Ba ma kallonsu a matsayin abokan gaba. Amma ba za mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a garuruwa irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega, har sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo suka buɗe wuraren jinya, Bagega kuwa sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Sanadin shi ne kawo dutsen zinariya mai ɗauke da dalma cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙura na sauka inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015.

Bana mun ga alamar ana komawa gidan jiya, domin zinariya ta yi tsada. Muka zauna da shugabannin daba muka daidaita cewa injin niƙan dutse ya koma bayan gari, ba a niƙa hatsi da shi, buhun da ya ɗauki dutse ba ya sake ɗaukar dawa, ma'aikaci ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya shiga gida. Wurin wanki kuma ya yi nesa da rafin da mutane da dabbobi ke sha da fadamar da ake noman rani, saboda dalma da kuma zaibar da ake kama zinariya da ita. Wasu garuruwan sun riƙe alkawarin sosai. Wasu sai da mata membobinmu suka tashi tsaye suna bin gida-gida, kuma su suka fi kowa tasiri, domin akwai a cikinsu waɗanda suka binne 'ya'yansu a shekarar 2010.

Abin da bai warwaru ba

Akwai garuruwan da ba mu iya zuwa ba saboda 'yan bindiga, kuma a can ne ake ƙwace gona ba lasisi ba diyya. Wannan ya fi ƙarfin ƙungiya, sai dai mun rubuta wa hukumomin da abin ya shafa, ciki har da jami'an tsaron ma'adinai da aka kafa a ƙarƙashin hukumar Sibil Difens a 2024. Akwai kuma wani mai lasisi da har yanzu ya ƙi zama a yi yarjejeniyar raya al'umma, yana cewa ya riga ya gama da manya. Mun kai maganarsa kwamitin ma'adinai da muhalli na jiha, muna jiran a kira mu.

Abin da ke gabanmu

Za mu fara rubuta gonakin membobi: sunan mai ita, maƙwabtanta ta kusurwa huɗu, itatuwan da ke ciki, da ko gado ce ko saye ko aro ko jingina, dagaci ya sa hannu. Gonakin aro da jingina su suka fi jawo gardama idan diyya ta zo, don haka da su za a fara. Iyalan da ba su raba gado ba, muna ba su shawara su je wurin malamai ko kotun shari'a tun kafin mai lasisi ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Ma'aji zai karanta bayanin kuɗin shiga da na fita dalla-dalla a babban taro, littafin kuma a buɗe yake ga duk memban da ke son dubawa. Masu bashin kuɗin wata su daure su biya, da shi ake sayen man babur da buga takardu. Za a sanar da ranar taron ta bakin wakilan garuruwa da zauren WhatsApp. Duk wanda aka taɓa ba wata takarda ya sa hannu, ko tsohuwa ce, ya zo da ita lauya ya duba.

Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya da damina mai albarka.

Sakatare, a madadin Kwamitin Zartarwa