A ba mu ɗaki mu nuna wa yara wasannin da suke haddacewa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in faɗi abin da ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya. Ni malamin Hausa ne a wata sakandare a nan Zariya, kuma ina cikin wata 'yar ƙungiya ta sa-kai, yawancinmu malamai ne sai tela ɗaya da wani mai gyaran rediyo, abin da muke yi shi ne mu ɗauko tsofaffin littattafan wasan kwaikwayo na Hausa mu kai su makarantu mu yi su a gaban yara. Ba ma karɓar ko sisi, kuɗin mota ma karo-karo muke yi.

Abin da ya sa muka fara shi ne takaici. Shekara da shekaru ina koyar da littattafan nan saboda jarrabawa, yaro zai haddace sunan marubuci da jigo da jerin 'yan wasa tsaf, amma ka ce ya tashi ya faɗi layi biyu kamar mutumin da yake cikin labarin sai ya tsaya yana kallon silin. Kuma wallahi ba laifin yaron ba ne, ai bai taɓa gani ba. Wanda ya rubuta wasa don a tsaya a dandamali a yi shi ya rubuta, mu kuma mun mayar da shi abin karatu a zaune ana gyangyaɗi.

Bara muka yi Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, littafin da ya fito tun 1960, a harabar wata makarantar gwamnati. Bencina muka harhaɗa muka ɗaure ƙafafunsu da igiya, zannuwan gado biyu na matata su ne labule, babbar rigar Malam Jatau kuwa aro muka yi wajen wani dattijo a unguwarmu, har da ƙanshin turarensa a jiki. Wata yarinya 'yar aji biyar wadda tun da ta zo ban taɓa jin muryarta a aji ba, ita ta nace sai an ba ta Kyallu. Ranar wasan da ta ɗaura ɗankwali ta fito tana taku tana karya murya, malaman makarantar ma sai da suka miƙe tsaye. Maigadin makarantar kuma yana can gefe da sandarsa, da ya ga Jatau zai sake sakin kuɗi sai ya kasa daurewa ya ɗaga murya ya ce "Haba Malam, ka yi wa kanka faɗa mana!" Bayan an tashi yaran nan sun fi awa ɗaya suna gardama a ƙarƙashin darbejiya kan wa ya fi laifi tsakanin miji da mata, abin da na yi zango guda ina roƙonsu su yi a aji.

To ga inda gizo ke saƙar. Ba mu da wajen atisaye. Mun je wani ɗakin taro na hukuma muka roƙi a ba mu yammacin Asabar kawai, aka yanka mana kuɗi daidai da na masu dina da kamun amarya, muka yi bayani cewa mu fa ba riba muke nema ba, aka ce doka ce. Yanzu a zauren wani abokinmu muke yi, in damina ta sauka kuma sai haƙuri. Sannan akwai iyaye da suke jin kalmar dirama su ɗauka rawa da waƙa ce za a lalata masu 'ya'ya, ni kuma ban ga laifinsu ba don kowa yana tsoron abin da bai gani ba, shi ya sa kullum muke cewa Baba zo ka zauna a gaba ka gani da idonka. Waɗanda suka zo ba su taɓa hana yaransu dawowa ba.

Kuma abin nan ba baƙo ba ne a wajenmu. Wa bai yi tashe da azumi ba yana yaro? Wasan gauta fa, da 'yan kama? Malam Aminu Kano da kansa ya rubuta wasanni yana faɗakar da talakawa da su, Ɗanmasanin Kano Maitama Sule ya yi ƙungiyar wasan kwaikwayo a Kano, su Ƙasimu Yero da Samanja da Karkuzu duk mun tashi muna kallonsu a talabijin iyayenmu na zaune tare da mu. Nan Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello akwai dandamalin wasa da aka gina da jar ƙasa irin ginin gargajiya tun shekarun 1970, ɗalibai suna fita ƙauyuka suna wasa da manoma kan matsalolinsu. Hatta Shakespeare an kawo mana shi gida, marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara wani wasansa ya sa masa suna Daren Sha Biyu, amma yau ka shiga kantin littattafai ka tambaya ka ga yadda za a kalle ka.

Ina son Kannywood, ina kallo, amma fim a waya daban, mutum a gabanka yana gumi yana magana kana jin numfashinsa daban.

Roƙona ga shugabannin makarantu da ma'aikatar ilimi da masu unguwanni: wanda yake da ɗakin taro da ke kulle ranar Asabar ya ba mu makulli na awa uku, mu share mu mayar da kujeru yadda muka same su. Masu ɗab'i kuma su taimaka su sake buga tsofaffin wasannin nan, don kwafin Kulɓa Na Ɓarna da muke atisaye da shi yanzu guda ɗaya ne tal, bangonsa ya cire, shafi biyu na ƙarshe da hannu na kwafo su daga na wani malami a Funtuwa.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani malamin Hausa,
Tudun Wada, Zariya.